Kunne Kafin Baki: Gwanintar Mai Ba da Shawara a Fadamar Haɗejiya

Duk shekarar da kogin Haɗejiya ya yi toroko, mutanen Kirikasamma sun san abin da zai biyo baya. Ciyawar kachala ta riga ta toshe hanyoyin ruwa, don haka sai ya fantsama cikin gonaki, ya shanye shinkafar Marma da Madachi da Baturiya, ya jiƙa gindin katanga har ta zube. An gani a 2012, an sake gani da muni a 2022. Idan ruwa ya janye, akan ƙirga gidaje da kadada, a raba hatsi da tabarmi da gidan sauro. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi: magidancin da ya ci bashin taki ya zuba a gona, yanzu barci ya ƙaurace masa, uwar da ko yayyafi aka fara sai gabanta ya faɗi. Wannan raunin ma yana da masu ɗinke shi, kuma aikinsu gwaninta ce da ta cancanci a yaba.

Gwanin mai ba da shawara, ko ma'aikacin lafiya ne a asibitin sha-ka-tafi ko malamar makaranta da aka horar, yana fara aiki tun daga gaisuwa. Ba ya datse ta. Ya gida, ya iyali, ya aka ji da ruwa, duk sai ya bi su a tsanake, domin ya san labarin zuciya a tambayi fuska. Ya san kuma Bahaushe ba ya zuwa ya ce damuwa ce ta kawo shi. Cewa zai yi kansa na sarawa, zuciyarsa na bugawa, abinci ba ya masa daɗi. Mai gaggawa sai ya rubuta magani ya kira na gaba. Gwani kuwa, bayan ya duba jiki, sai ya sassauta murya ya ce, "Baba, tun yaushe barcin ya ƙi?" Daga nan ya yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya a cikin aikin, domin baki na ƙaiƙayin ya cike gurbin. Wanda ya iya daurewa yakan ji abin da dattijo bai taɓa faɗa wa ko ɗan'uwansa ba.

Mu mutane ne masu jaje, kuma "yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara" magana ce ta gaskiya. Sai dai gwani ya san lokacinta. In aka faɗe ta kafin mutum ya amayar da abin da ke cikinsa, sai ya ji kamar an ce masa ya isa haka, ya yi godiya ya tashi da kayansa. Shi ya sa gwani ke jinkirta nasiha, ya fara mayar wa mutum da maganarsa: "Inna, in na fahimce ki, ba rushewar ɗakin ce ta fi ci miki rai ba, zaman da kike yi a gidan suruki ne." In ya dace, za ta ɗago kai. In ya kuskure, za ta gyara masa, gyaran kuma shi ne mafarin yarda. A 1957 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Carl Rogers, ya nuna cewa sauyi yana tsirowa ne inda mai shawara ya kasance ciki da waje ɗaya, ya karɓi mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, ya kuma ji abin kamar yadda mai shi ke jin sa.

Amma sauraro kaɗai ba ya biyan bashin taki. A 1979 wani masanin, Edward Bordin, ya ce alaƙar da ke warkarwa tana tsaye ne bisa abu uku: shaƙuwa, da yarjejeniya kan inda aka dosa, da yarjejeniya kan matakan da za a bi. Binciken da ya biyo baya cikin shekaru masu yawa ya nuna ƙarfin wannan alaƙa na daga cikin abubuwan da suka fi nuna ko mutum zai samu sauƙi, kowace hanya aka bi. A aikace, gwani yakan taimaki manomi ya rarrabe damuwarsa: ga bashi, ga abincin yara, ga noman rani da ke tafe. "Malam, wanne za mu fara taɓawa?" Ba ya zaɓa masa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila abin da za a tsayar a makon farko bai wuce ya je ya sami mai bashi su yi magana ba. In ya dawo, a tambaye shi yadda aka kwashe. Da irin waɗannan ƙananan nasarori mutum ke gane cewa har yanzu yana da ta cewa a rayuwarsa.

Ginshiƙin duka shi ne amana. A garin da kowa ya san kakan kowa, magana ɗaya in ta fita daga ɗakin shawara ta isa majalisa, ƙofar ta rufe ke nan har abada. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gwani yakan faɗa tun farko cewa abin da aka tattauna a nan zai tsaya, sai fa in rai na cikin haɗari. Ba ya jin nauyin tambayar mutum kai tsaye ko ya taɓa tunanin hallaka kansa, domin tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma ita ke ceto. Yana kiyaye kunya: ba ya matsa wa mace ta ambaci sunan miji, kuma in ta fi sakewa da mace 'yar'uwarta, sai ya haɗa su. Ba ya karɓar abin hannun wanda ya zo masa a raunane, ba ya neman wata alaƙa da shi.

Haka kuma ya san iyakarsa. Wanda ya fara jin muryoyi ko ya daina gane mutane, likita yake buƙata, a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ta Kano. In dangi suka ce iska ce ko sammu, gwani ba ya yi musu dariya. Yakan ce a ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna amfanin haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Abin farin ciki, ana koyar da wannan gwaninta. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu yawan tunani, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar doka da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Kirikasamma ba ta rasa masu kunne ba. Akwai ungozoma, da limamai, da masu unguwanni da suka daɗe suna sulhu tsakanin manomi da makiyayi. Abin da ya rage shi ne horo da sa ido. Kira ga gwamnatin Jigawa da masarautar Haɗejiya shi ne, kafin damina mai zuwa, a tanadi mai sauraro a kowace mazaɓa kamar yadda ake tanadin buhunan yashi, domin wanda ruwa ya ci gonarsa yana buƙatar iri, yana kuma buƙatar zuciyar da zai sake shukawa da ita.