Waze: Taswirar da Mai Kallonta ke Rubuta ta

A jarida ko rediyo aiki a rabe yake: wani ya tattaro labari, wani ya karanta ko ya saurara. Manhajojin waya da ke aiki da wurin da mutum yake sun rushe wannan rabo, kuma a Waze abin ya fi fitowa fili.

Asalinta daga Isra'ila ne. A 2006 Ehud Shabtai ya fara wani aiki mai suna FreeMap Israel, taswirar da masu tuƙi ke haɗawa da kansu. Aikin ya zama kamfani a 2008, sannan Google ya saye shi a 2013 kan kimanin dala biliyan ɗaya. Ba zanen tituna Google ya saya ba, don yana da nasa. Direbobin ya saya.

Rubutu iri biyu direba ke yi a Waze. Na farko da saninsa ne: ya ga hatsari, ko rami, ko 'yan sanda, sai ya danna ya sanar. Wanda ke biye da shi zai ga alamar, a kuma tambaye shi ko abin na nan har yanzu, amsarsa ta tabbatar da labarin ko ta share shi. Wannan bai yi nisa da abin da ake yi a tasha ba, inda ake tarar direban da ya shigo da "yaya hanya?"

Na biyun ne ya fi jan hankalina, domin babu wanda ake tambaya. Muddin manhajar na buɗe, wayar na aika inda motar take da gudun da take yi. Idan motoci da yawa suka rage gudu a wuri ɗaya, titin ya koma ja a fuskar wayar kowa. Ke nan wanda bai danna komai ba, ido kawai ya zuba, shi ma ya rubuta. Tafiyarsa ce rubutun.

Amfanin a bayyane yake: labarin hanya na zuwa da zafinsa, daga waɗanda ke kanta. Sai dai taswirar ta direbobi ce, kuma buƙatarsu ɗaya, su isa da wuri. Mai gidan da ke bakin layi, da yaron da ke tsallaka titi zuwa makaranta, ba sa cikin masu rubutu, ba sa cikin masu kallo, amma su ake turo wa motocin.

Garin Leonia da ke jihar New Jersey a Amurka ya ɗanɗana wannan. Yana kusa da gadar George Washington mai shiga New York, don haka da babbar hanya ta cushe, manhajojin tuƙi sai su karkatar da motoci cikin unguwanninsa. A Janairun 2018 hukumar garin ta rufe kimanin tituna 60 ga baƙin direbobi a lokutan cunkoso, da tarar dala 200. Manufar ba tarar ba ce, so ake manhajojin su daina nuna layukan a matsayin mafita. Mutanen da suka shekara a kan waɗannan tituna sai da suka kafa doka kafin taswirar ta san da zamansu.