Ba Kowane Makaɗi Ne Zai Zama Shata Ba

Littafin "Shata Ikon Allah!" da ya fito a 2006 aiki ne da mutanen kudancin Katsina za su yi alfahari da shi, domin cikin marubutansa huɗu akwai Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Sun yi wa Alhaji Mamman Shata hidimar da ta dace da shi. Damuwata ita ce abin da mu masu sharhi muka yi daga baya: mun mai da Shata mudun da ake auna kowane makaɗi. In ba a sa waƙarka a rediyo ba, ba a ba ka kyautar mota ba, jami'a ba ta kira ka Dakta ba kamar yadda ta Ahmadu Bello ta yi masa a 1988, to sai a ce ba ka kai ba.

Wannan mudu bai yi adalci ba. Kiɗan Hausa sana'a ce mai rassa tun asali. Akwai na fada, irin su Narambaɗa da Jankiɗi, waɗanda cinsu da suturarsu ke wuyan ubangida. Akwai na dambe kamar Ɗan Anace. Sai kuma mafi yawa, waɗanda ba a rubuta sunansu ko'ina: mai kalangun mahauta, mai gangar gayya, 'yan amshin da ke tsaye bayan tauraro shekara da shekaru. Irin waɗannan da damina suna gona, da kaka su bi bukukuwa. Wanda ya aurar da 'ya'yansa da abin da aka liƙa masa, ya bar ɗan da ya iya ɗaure fatar ganga, a wane ma'auni ya gaza?

Yau ma wannan hanyar ta ƙuntata. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa 'yan bindiga sun sa taron dare ya zama kasada, gonakin nesa kuma sun gagari masu su, ballantana a yi gayya. Inda biki ya samu, hayar DJ ta fi ɗaukar ƙungiya guda arha. Abin da ya rage wa saurayi shi ne situdiyo a Kano, ko waƙar siyasa mai zuwa sau ɗaya a shekara huɗu.

Manazarta sun tattara baitocin taurari, sun kyauta. Littafin da nake jira shi ne wanda zai zauna da ɗan amshi a Sabuwa ya tambaye shi yadda ake raba kuɗin liƙi, da nawa ke isa gida.