Jirgi maras matuƙi a gabashin Sakkwato: wa zai kira shi in babu sabis?

Tun da kamfanin Zipline ya fara kai magani da jini asibitocin jihar Kaduna a 2022, bayan Ruwanda a 2016 da Gana a 2019, duk inda aka zauna zancen fasaha sai ka ji an ce jirage marasa matuƙa ne mafitar ƙauyukanmu. Za su kai magani Rabah ba tare da an bi hanyar da 'yan bindiga ke tarewa ba, su auna gonakin shinkafa da albasa a fadamar Wurno, su duba hanyoyin ruwan madatsar Goronyo. Ba na musun amfaninsu. Ƙorafina shi ne masu wannan zance suna tsallake tambaya ɗaya: ta wace hanya jirgin zai riƙa magana da mutanen ƙasa?

Bari mu warware abin. Jirgin yana gane inda yake ta hanyar GPS, kuma wannan ba ruwansa da layin waya, saƙo kawai yake karɓa daga taurarin ɗan'adam. Amma umarni da hotuna sai ta rediyo. Ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa suna aiki da zangon gigahaz 2.4 da 5.8, waɗanda ke son sarari tsakanin jirgi da mai riƙe da na'ura. Da zarar ya yi nisa, ko tudu ya shiga tsakani, sai dai a jingina da 4G ko tauraron ɗan'adam.

To a nan gizo ke saƙar. Eriyoyin kamfanonin waya an karkatar da su ne ƙasa, wajen masu waya a hannu. Jirgin da ke mita 100 a sama raguwar sigina yake tsinta, ko kuma ya jiyo eriya da yawa a lokaci guda suna yi wa juna katsalandan. Wannan a inda eriyar ta wadata ke nan. Ina ga ƙauyen da sai an hau tudu ake amsa kira?

Sannan ga abin da muka gani da idonmu. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka rasu. Wato a lokacin da aka fi bukatar jini cikin gaggawa, a lokacin ne sabis ya fi fuskantar yankewa.

Wani zai ce ai jiragen Zipline da kansu suke bin hanyar da aka tsara musu. Haka ne. Amma ma'aikaciyar asibiti da waya take aika buƙatarta. Idan saƙonta bai fita ba, jirgin yana nan a ajiye, mai naƙuda kuma tana ta zubar da jini. Wani kuma zai ce ga Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Madalla, sai dai wa zai sayi na'urar, ya biya kuɗin wata, ya tanadi sola a kowane ƙaramin asibiti?

Don haka duk wanda ya zo mana da tallar jirgin nan, mu nemi abu uku kafin mu tafa masa: taswirar ƙarfin sigina da aka auna a tsayin da jirgin zai tashi, hanya ta biyu ta aika saƙo idan layin waya ya mutu, da rubutacciyar yarjejeniya kan abin da zai faru ranar da hukuma ta sake ba da umarnin rufewa. In bai kawo su ba, hoton bikin ƙaddamarwa kawai ya zo ɗauka.