Yaron kasuwa da yaron lakwal: sharhi bisa binciken koyar da lissafi

Iyaye da yawa suna kuka da abu guda. Yaro ya yi shekara 5 a lakwal, amma in an aike shi sayen gishiri da mai, ba ya gane canji. Ƙanwarsa kuwa, wadda ba a sa ba, tana tallan ƙosai tun safe, kuma ko dala ɗaya ba ta ɓata mata. Ba a ƙasarmu kaɗai a ke wannan kuka ba. Masana sun bincika maganar a ƙasashe masu nisa, sun rubuta abin da suka gani. Mu duba aikin nasu, mu ga inda ya yi kyau da inda ya gaza.

A 1985 wasu malamai uku masu aiki a ƙasar Birazil suka buga bincikensu. Sun shiga kasuwar birnin Resife kamar masu saye. Suka yi ciniki da yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari. Yaran sun ci 98 cikin 100 na tambayoyin. Daga baya aka ba su takarda da alƙalami, aka rubuta musu lambobin nan dai, babu kwakwa, babu kuɗi. Sai suka ci 37 kawai.

Ga yadda wani yaro ya yi. Kwakwa ɗaya kuɗinta 35, mai saye yana son 4. Yaron ya san kuɗin 3 shi ne 105. Ya ƙara 30, ya samu 135. Ya ƙara 5, ya ce 140. Daidai ne. Da aka rubuta masa 35 sau 4, sai ya bi dokar lakwal ta rubuta kaza ka riƙe kaza. Dokar ta rikice masa, ya rubuta 200. Bai ma ji a jikinsa cewa ya yi kuskure ba. A kasuwa kuwa, da ya ce 200, da mai saye ya yi masa ca.

Wannan aiki ya buɗe idon mutane. Amma yara 5 ne kawai aka gwada, masu shekara 9 zuwa 15. Ba a yanke hukuncin duniya da yara 5.

A 2025 aka buga wani bincike babba a mujallar Nature. Cikin masu shi akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, da Elizabeth Spelke. Sun gwada yara 1436 masu saye da sayarwa a kasuwannin Kalkata da Delhi, a ƙasar Indiya. An aika mutane su sayi kaya iri biyu, kamar dankalin turawa da albasa, da awo mai wuya, ba kilo cikakke ba, su ba da babbar takardar kuɗi. Fiye da 90 cikin 100 na cinikin ya fita daidai, kuma da ka yaran suka yi lissafin. Amma a Kalkata, da aka ba su rabawa a rubuce, lamba mai gida uku a raba da lamba mai gida ɗaya, 32 cikin 100 ne suka iya. Da yawansu kuwa sun taɓa zama a aji.

Sannan aka juya ga yaran lakwal 471 da ba su taɓa ciniki ba. Sun fi yaran kasuwa iya lissafin takarda mai sauƙi. Amma akwai wata tambayar ciniki da fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran kasuwa suka amsa. Cikin yaran lakwal, 1 cikin 100 ne ya amsa ta.

Wannan aiki ya cancanci yabo. Masu shi ba su yi gaggawa ba. Sun tambayi kansu, ko yaran kasuwa haddace farashi suka yi? Ko wani babba ne ke raɗa musu? Ko kwaɗayin riba ne ke wasa musu ƙwaƙwalwa? Suka gwada kowane ɗaya, suka ga ba shi ba ne. Yaran suna da dabara ta gaske. In za su ninka 48 sau 5, sai su ɗauki 50 sau 5, su ɗebe 10. Duk tsohuwa mai awon hatsi ta san wannan hanya, ko da ba ta san sunanta ba.

To, amma akwai abin da mai karatu zai riƙe. Uba ba ya barin yaron da ke ɓatar da kuɗi a gaban tebur. Wanda ya daɗe a kasuwa, sau da yawa dama mai kai ne. Saboda haka kada wani ya ji wannan labari ya ce, ai gara in cire ɗana daga lakwal in ba shi faranti. Binciken bai faɗi haka ba. Lissafin ka yana da iyaka. Yana aiki ga tiya 4 da tiya 10. Ran da aka zo lissafin bashin taki na ƙungiyar manoma mai mutum 60, ko kuɗin albasa na mota guda, sai an rubuta. Wanda bai iya rubutawa ba, abin da aka karanta masa shi zai karɓa.

Babban raunin aikin shi ne, ya gano ciwo bai kawo magani ba. Ya nuna hanyoyin biyu ba sa haɗuwa cikin kan yaro. Ya ce a haɗa su. Amma bai gwada wata hanyar koyarwa cikin aji ba, balle ya ce wa mushe ga abin da za ka yi gobe da safe.

Akwai wani aikin da ya fi kusa da aji. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanyar koyar da yaro daga inda iliminsa ya tsaya. A gwada yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san lambobi ba a haɗa shi da irinsa, ko da shekarunsu sun bambanta. Wanda ya iya ɗebewa a sa shi gaba. Ana aiki da tsinke: goma a ɗaure su dami guda, sauran a bar su warwatse. Da haka yaro ke ganin ma'anar riƙe da idonsa, domin tsinke goma ne suka zama dami ɗaya. Banerjee da Duflo da abokan aikinsu sun auna wannan hanya shekaru da yawa. Inda aka raba littattafai kawai, mushe ya ci gaba da bin tsarin shekara, ba a ga wani amfani ba. Inda aka ware lokaci aka raba yara bisa iyawarsu, kamar a jihar Uttar Pradesh, lissafinsu ya ƙaru sosai cikin ɗan lokaci. Ƙasar Zambiya ta ɗauki hanyar tun 2016.

Ni dai na fi yarda da wannan, domin an gwada shi cikin ajin talakawa mai cunkoso. Duk da haka ma'aunin da a ke auna yaran da shi na takarda ne: karanta lamba, ɗebewa, rabawa. Bai tambayi yaro canjin jika ba.

Mu kuma a Nijar muna da namu cikas, wanda Indiya da Birazil ba su da shi. Kuɗinmu da dala mu ke ƙidaya shi, lakwal kuwa da tamma. Abin da uwa ke kira dala 20, mushe yana rubuta shi 100. Ga misali. A ce tiyar hatsi dala 150 ce. Mai awo za ta ce tiya 2 jika da rabi, tiya 4 jika 3, ta gama kafin ka ɗaure buhu. A allo kuwa 750 sau 4 ne, amsa 3000. Lissafi ɗaya ne, amma babu lamba ko ɗaya da ta yi kama da wadda yaro ke ji a gida. In ba wanda ya zauna ya nuna masa cewa kowace dala tamma 5 ce, zai ɗauka duniya biyu ce dabam.

Ga kuma harshe. Yaro ɗan shekara 7 yana koyon ƙidaya da Faransanci, inda tamanin a ke ce mata ashirin huɗu, casa'in kuma ashirin huɗu da goma. Yana fama da kalma, yana fama da lamba, duk a lokaci guda. A gwajin PASEC na 2014, cikin yaran Nijar 10 da ke gama firamare, ko 1 cikakke bai kai matsayin da a ke so a lissafi ba. A na 2019 an samu ci gaba, amma mafi yawa suna ƙasa. Alhali tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa. Shekara fiye da 50 ke nan. Mai son bincika yadda lissafin gida zai shiga aji, ga wurin aiki a ƙofar gidanmu.

Kafin masana su zo, kwamitin iyaye na iya yin wani abu. Ku roƙi mushe ya gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa muku nawa ne suka iya ɗebe 38 daga 65. Ku kawo masa karan dawa da zare na ɗaurin goma goma. In ya yarda, ranar da ba kasuwa, mai awon garinku ta shigo aji da tiyarta. Ita ta faɗi farashi da dala, yara su rubuta shi a allo da tamma.