Masu Gyara wa Kamfani Wasansa

A ranar 11 ga Nuwamba 2011 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da Skyrim, wasan bidiyo da aka gina a wata ƙasar almara mai tsaunuka da dusar ƙanƙara, inda dodanni masu aman wuta ke shawagi a sama. Ƙasar ta tsaru, ido ya ƙoshi. Sai dai jarumin wasan zai iya tuɓe sulkensa, ya faɗa tekun arewa, ya yi iyo tsakanin curin ƙanƙara, ya fito garau ko atishawa babu. Sanyin ado ne kawai.

Wani mai son wasan da aka sani da laƙabin Chesko bai lamunci haka ba. A 2012, shekarar da Bethesda ya saki manhajar Creation Kit domin kowa ya taɓa cikin wasan, ya fitar da kwaskwarimarsa mai suna Frostfall. Daga nan tufafi suka fara amfani. Rigar fata mai gashi tana riƙe ɗumi, ruwan sama yana jiƙa mutum, wanda ya jiƙe kuwa sanyi ya fi saurin kama shi, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya faɗi. Dole matafiyi ya nemo itace, ya hura wuta, ya kafa tanti kafin dare. Kogin da a da ake tsallakawa ba tunani, yanzu sai an tsaya an nemi gada. Chesko bai ƙara ko ƙauye ɗaya a taswira ba, amma tafiyar da mutum ya yi sau goma ta koma sabuwa.

A nan ake gane kwaskwarimar kirki. Shafin Nexus Mods cike yake da dubban gyare-gyaren Skyrim, kuma akasarinsu kwalliya ce: sabon takobi, sabon kitso, ciyawa mai kyan gani. Akwai ma wanda ya maye gurbin dodannin da Thomas, jirgin ƙasan nan na shirin yara, abin dariya na yini ɗaya. Waɗanda ake tunawa bayan shekaru su ne waɗanda suka taɓa dokar wasan, kuma abin mamaki, yawanci rage wa ɗan wasa sauƙi suke yi. Mai ƙaunar wasa yakan lura da wurin da abin da ido ke gani ya saɓa da abin da hannu ke yi, sai ya tilasta wa wasan ya cika alkawarin da ya ɗauka.

Nick Pearce, wani lauya ɗan Ostareliya, ya bi ta wata hanyar. A Skyrim sata da kisa ba wani abu ba ne. A biya tara ko a kwana a kurkuku, shi ke nan. A kwaskwarimarsa The Forgotten City, wadda ya fitar a 2015, ɗan wasa yana shiga wani birni a ƙarƙashin ƙasa mai doka ɗaya tak: mutum ɗaya ya yi laifi, kowa ya halaka. Takobi ya rasa aiki. Abin da ya rage shi ne tambaya, sauraro, da komawa baya cikin lokaci da sanin da aka tara. Ƙungiyar marubutan Ostareliya ta ba shi lambar yabo a 2016 saboda rubutun, kuma a 2021 aikin ya fito a matsayin wasa mai cin gashin kansa, an mai da labarin zamanin Rumawa.

Masoyan Zelda su kuma matsalarsu hadda ce. Wanda ya shafe shekaru yana buga A Link to the Past, wasan Zelda da Nintendo ya fitar a 1991, ya san abin da ke cikin kowane akwati. Sai suka rubuta manhajar da ke hargitsa kayan, baka ya koma wurin guduma, fitila ta ɓuya can ƙarshen duniya, tare da lissafin da ke tabbatar da cewa ana iya kai wa ƙarshe duk yadda aka cakuɗa. Yanzu har tsere ake yi da ita kai tsaye a intanet.

Al'adar tana da nata raunin. Mai kwaskwarima don irinsa yake gini, wato mutumin da ya ƙoshi da wasan, ba baƙon da ya shigo jiya ba. Shi ya sa wasu gyare-gyaren yunwa da ƙishirwa ke mai da jarumi ɗan aiken cikinsa, dodo na ƙone gari shi yana neman tukunya. Wahalar da ba ta sa mutum ya zaɓi komai ba wasa ba ce, aikin gayya ne ba tuwo. Ga kuma rikicin gyare-gyaren da ba sa jituwa: a ɗora hamsin, wasan ya ƙi tashi.

Kamfanoni dai suna kallo. A Afrilun 2015 kamfanin Valve da Bethesda suka fara sayar da kwaskwarimar Skyrim a Steam, kasuwar wasanni ta Valve a intanet, mai aikin na karɓar kashi 25 cikin 100 kacal. Masoya suka yi ca, aka janye tsarin cikin ƴan kwanaki. A 2017 Bethesda ya dawo ta ƙofar shagonsa na Creation Club da nasa tsarin sanyi, yunwa da gajiya, wanda duk wanda ya san Frostfall bai buƙaci a gabatar masa da shi ba.

Kamfanin Blizzard ne ya fi jin jiki. A cikin wasansa Warcraft III masoya suka ƙirƙiro Defense of the Ancients a 2003, jarumai biyar-biyar suna kare sansaninsu. Daga wannan tunani wani kamfani daban ya fitar da League of Legends a 2009, Valve kuma ya ɗauki IceFrog, mai kula da wannan kwaskwarimar, ya fitar da Dota 2 a 2013, wasan da kyautar gasarsa ta 2021 ta haura dala miliyan 40. Da Blizzard ya sake fitar da Warcraft III a 2020, sai ya rubuta a sharuɗɗansa cewa duk wasan da wani ya gina da kayan aikinsa mallakin kamfanin ne.