Kwanton Ɓauna a Teburin Ƙananan Kuɗi

Wasan karta da ake kira foka, musamman nau'insa na Teksas Holdem, ya bunƙasa a Amurka bayan shekarar 2003, lokacin da Chris Moneymaker, wani akanta da ya samu gurbin shiga ta intanet, ya lashe babbar gasar duniya a Las Vegas da kyautar dala miliyan 2.5. A daidai wannan lokaci talabijin ta yawaita nuna gasanni da ƙananan kyamarori masu bayyana katin da kowa ya ɓoye, sai masu kallo suka riƙa ganin gwanaye suna yin lamo da kati mai ƙarfi har abokin hamayya ya faɗa tarko. Daga nan ɗabi'ar kwanton ɓauna ta yaɗu zuwa teburan ƙananan kuɗi, inda kusan ba ta da gurbi. Wasan caca ne, kuma hukuncinsa a addini sananne ne, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa abin nazari ne ga mai son fahimtar yadda kwaikwayo ke rinjayar hankali.

A Holdem ana raba wa kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar, kuma ana zuba kuɗi a kowane mataki. A wasan mai iyaka, kamar na dala 3 da 6 da aka saba gani a gidajen karta na Kalifoniya, zubi ƙayyadadde ne: dala 3 a matakai biyu na farko, dala 6 a biyun ƙarshe. Teburin da ake kira sakakke shi ne wanda mutum biyar ko shida ke shiga kusan kowane rabo, ba sa janyewa ko da katinsu ba shi da wani armashi. Hannu kammalalle kuwa shi ne wanda ya riga ya haɗu, ba ya jiran wani kati, saɓanin hannun mai jira, wanda sai wani kati ya faɗo zai zama wani abu.

Hujjar mai kwanton ɓauna ita ce tsoron korar jama'a, alhali a irin wannan tebur babu mai koruwa, domin mutanen sun zo ne don su ga katin ƙarshe, kuma duk zubin da aka fasa yi kuɗi ne da za su biya da yardarsu. Misali, mai riƙe da takwas biyu ya ga an buɗe takwas da tara da sarki, biyu daga ciki masu alama iri ɗaya, mutum shida kuma sun riga sun tara tulin dala 18 a tsakiya. Wanda ke jiran kati na biyar mai alamarsa yana da kati 9 cikin 47 da ba a gani ba, kuma zai dace kusan sau 35 cikin ɗari kafin ƙarshe, don haka zubin dala 3 ba zai tayar da shi ba, amma aƙalla zai biya kuɗin jiransa. Wanda ke neman cike giɓi ɗaya a tsakiyar jeri kati 4 kawai ke gare shi, wato sau ɗaya zai dace a katin gaba, ya rasa kusan sau 11, alhali tulin, haɗe da zubin dala 3, na ba shi 7 ne kawai a kan 1. Idan aka bar shi ya ga kati kyauta, an yafe masa kuskuren da ya zo da niyyar yi, kuma an yi hakan ga mutum biyar a lokaci guda.

Wannan shi ne tushen abin da Lee Jones ya koyar a littafinsa na 1994 a kan wasan ƙananan kuɗi, kuma Ed Miller da David Sklansky da Mason Malmuth suka faɗaɗa shi a nasu na 2004, inda suka nuna cewa idan tuli ya girma, kare shi ya fi ɓoye ƙarfi muhimmanci. Akwai jinkirin da ke da ma'ana, kamar wucewa da farko don a ƙara a kan zubin wanda ke hannun dama, ta yadda sauran za su fuskanci dala 6 a tashi ɗaya, ko jiran kati na huɗu inda zubi ke ninkuwa. Amma wannan jinkiri manufarsa tsadar da jira ce, ba yaudara ba. Kwanton ɓauna na gaskiya bai dace ba sai tuli ƙarami ne, hannun kuma ya yi ƙarfin da kusan babu katin da zai cutar da shi, kamar huɗu iri ɗaya, abin da ba kasafai yake aukuwa ba.

Gwanayen talabijin suna wasa marar iyaka ne da mutum ɗaya ko biyu masu lura da kowane motsi, inda tarko guda kan kwashe dukan abin da ke gaban abokin hamayya. A teburin dala 3 da 6 abin da tarkon zai ƙaro kaɗan ne, abin da zai iya salwantarwa kuwa tulin ne baki ɗaya, don haka mai hannu kammalalle a wurin ba kasafai yake da uzurin ƙin zubawa ba tun daga buɗin farko.