Littafin Asali na Sir Bernard Burke

A shekarar 1853 aka naɗa Sir Bernard Burke mai kula da tambura da asalin manyan gidaje na ƙasar Ailan, ya riƙe aikin har rasuwarsa a 1892. Littafin asalin manyan Ingila wanda ya gāda daga ubansa ya yi suna, gama ya jera zuriya daki-daki. Amma yana da aibi. Sau da yawa abin da gida ya faɗa bisa kakanninsa shi yakan buga, ba bincike. A 1877 wani malamin tarihi, Freeman, ya nuna da yawansu tatsuniya ce. Ya kuwa yi gaskiya. Mai rubuta asali alƙali ne, shaida yake nema. In ya koma maroƙi, littafinsa ya zama kirari.